Na kai baƙona wani sabon wurin cin abinci a GRA, ashe ana sayar da giya a ciki

Ɗan Kwarbai:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta tsaya min a rai tun daren Asabar, na ce bari in kawo ta gaban waɗanda suka fi ni sani.

Ina da aboki da muka yi bautar ƙasa tare a Binuwai, mutumin Filato ne, Kirista. Shekara guda muna ɗaki ɗaya. Lokacin da taifod ya kwantar da ni shi ya yi jinyata, har ruwan alwala shi yake ɗebo min a rijiya. Makon jiya ya zo wani taro a unguwar Kongo nan Zariya, ya kira ni. Na ce ba zai bar garin nan ba sai na karrama shi. Gidanmu a cikin birni yake, ciki da falo ne, ga yara, sai na ga gara in kai shi waje. Wani abokin aikina ya yi min kwatancen wani sabon wuri a GRA, ya ce kifinsu ba shi da na biyu.

Gaskiya wurin ya tsaru. Daga waje katanga ce kawai da ƙaramar ƙofa, amma kana shiga sai ka ga fili an zuba tsakuwa, an naɗe bishiyoyin mangwaro da ƙananan fitilu masu ruwan ɗorawa, ga rumfunan bunu zagayayyu, kowace da teburinta. Kiɗa ƙasa-ƙasa, kana jin maganar wanda ke gabanka ba sai ka ɗaga murya ba. Can gefe akwai tanki, tarwada na yawo a ciki da ransu, kai za ka nuna wadda kake so. Suka gasa mana ita a garwashi, an cusa mata albasa da attaruhu da citta har cikin ciki, aka kawo da soyayyen dankali da agada. Tun da nake ban taɓa cin kifi irin wannan ba.

Sai da muka zauna na lura da firji a bayan kanta, cike da korayen kwalabe. Abokina ya dube ni ya ce ko zan damu in ya sha guda ɗaya. Nauyinsa ya hana ni cewa komai, na ce ya sha abinsa. Ni zoɓo na sha. Mun yi kusan awa biyu muna hira, da muka tashi ni na biya kuɗin duka, har da na kwalbar.

Tambayata biyu ce. Na yi laifi? Sannan a Zariyar nan ina mutum zai kai baƙo ya ci abinci mai kyau a natse ba tare da ya faɗa irin wannan ba?

Abu Hafsa Tudun Jukun:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, damuwar da ka ji alama ce mai kyau, Allah ya ƙara mana irinta. Amma tunda ka tambaya, abu biyu ne a nan. Na farko zaman. Akwai hadisin Jabir da Tirmizi ya ruwaito, cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a kan teburin da ake shan giya a kansa. Na biyu kuɗin, kuma shi ya fi nauyi, domin cikin mutum goma da aka la'anta a kan giya akwai mai sayenta. Ka yi istigfari, ka ƙudurta ba za ka sake ba, shi ke nan. Ƙofar tuba a buɗe take. Abotarku kuwa babu abin da ya same ta, mutumin da ya yi jinyarka ya cancanci ka girmama shi har ƙarshen rayuwa.

Sadiq Palladan:
Malam Abu Hafsa, ina da ja kaɗan. Bawan Allah nan bai san ana sayarwa ba sai da ya zauna. Kuma ba shi ya ce a kawo ba. Yaya za ka yi da baƙon da ka gayyato, ka ce a raba takardar kuɗi, kai biya naka? Ai baƙonka annabinka.

Abu Hafsa Tudun Jukun:
Rashin sanin farko babu laifi a kansa, Sadiq. Bayan ya gani ne maganar ta canza. Kuma ba sai an yi faɗa ba. Da ya ce masa, ɗan'uwa ka yi min alfarma ka bar ta sai ka koma masauki, ina da yaƙinin mutumin da yake ɗebo masa ruwan alwala ba zai ƙi ba.

Maman Iman:
Ni wannan kifin ne ya tsaya min a rai wallahi. Nawa suka sayar muku?

Ɗan Kwarbai:
Hajiya, babbar da muka zaɓa da dankalinta da komai naira dubu goma sha biyu. Zoɓon dubu ɗaya, amma da abarba da kanumfari a ciki, mai sanyi ƙarara.

Maman Iman:
Zoɓo kofi ɗaya dubu ɗaya! To ai kuɗin fitila da kujera ka biya, ƙanena, ba na zoɓo ba.

Yohanna Wusasa:
Salama gare ku. Ni Bahaushe ne Kirista, a Wusasa aka haife ni, kakana ma nan aka haife shi. Ina so in gyara wani abu da nake yawan ji a wurin 'yan'uwanmu Musulmi, wato zaton cewa duk Kirista mashayi ne, ko kuma karrama Kirista sai da kwalba. Ba haka ba ne. Gidanmu ba a taɓa shigo da giya ba. Ikilisiyoyi da yawa a Arewa, irin su ECWA da Baptis, suna hana mabiyansu sha, kuma a wasu wuraren in aka san kana sha za a dakatar da kai daga aikin ikilisiya. Akwai masu sha, ban musa ba, kamar yadda kowa ya san akwai masu sunan Musulunci da ke sha a ɓoye.

Ɗan Kwarbai, abokinka ya tambaye ka kafin ya sa a kawo. Wanda bai damu da kai ba ba zai tambaya ba. Da ka ce a'a, da ya sha maltina kun ci gaba da hirarku. Ni a ganina abin da ya faru shi ne kowannenku ya ji nauyin ɗan'uwansa, kai ka kasa hanawa, shi kuma ya ɗauka da gaske kake da ka ce babu komai.

Ɗan Kwarbai:
Yaya Yohanna, ka faɗi abin da yake zuciyata. Haka aka yi.

Baba Na Jushi:
Yara, ku bari in ɗan mayar da ku baya, domin wannan rabon na inda ake sha da inda ba a sha a Zariya ya girmi dukkanmu. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, a bakinsa na ji yawancin abin da zan faɗa.

Da layin dogo ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, sai ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu suka biyo shi. Turawa ba su bar su sun shiga cikin ganuwa ba, suka yanka musu wuri kusa da tasha, shi ne Sabon Gari. Baƙin da suka fito daga wasu garuruwan Arewa kuma aka ba su Tudun Wada. Su Turawan suka zauna a GRA da kulob ɗinsu. A dokar wancan zamani an hana sayar wa mutanen Arewa giyar Turai, lasisi na wuraren baƙi ne. Shi ya sa har yau in ka shiga ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana ba za ka ga mashaya da allo a ƙofa ba, amma in ka haura wajen Sabon Gari labari ya sha bamban. Ga kuma bariki, Depot, inda ake horar da sababbin sojoji, tun 1924 take nan, ga Basawa, kowace da kasuwar maminta.

Abin da ya canza a idona shi ne wannan. A da mashaya kana ganinta ka san mashaya ce. Labule a ƙofa, benci, kiɗa har titi, wari tun daga nesa. Ɗan mutunci ba ya kuskure ya shiga. Yanzu an yi mata wanka, an sa mata fitilu da furanni, an kawo mai gasa kifi, an sa mata sunan Turanci. Sai ga ɗan cikin birni ya shiga da hularsa bai sani ba. Ban ga laifin yaron nan a shigarsa ba ko kaɗan.

Sadiq Palladan:
Allah ya ƙara lafiya Baba. To amma ba an ce an kafa shari'a a jihar nan ba? Yaya aka yi ake sayarwa a fili?

Barista Gyallesu:
Tsarin Kaduna daban yake da na Kano ko Zamfara, Sadiq. Bayan rikicin shari'a na Fabrairun 2000, gwamnatin Ahmed Makarfi ta fito da wani tsari a ƙarshen 2001, kotunan shari'a ga Musulmi, kotunan gargajiya ga waɗanda ba Musulmi ba, ga kuma kotunan majistare da aka saba. Ba a yi dokar da ta rufe mashayu a faɗin jiha gaba ɗaya ba, saboda jihar haɗaka ce. Shi ya sa a Kano kake ganin Hisba na fasa kwalabe da motar rusau, amma a nan akwai unguwannin da ake sayarwa ba tare da ɓoyo ba. Kar ka manta kuma kamfanin giya na Nigerian Breweries ya buɗe masana'anta a Kakuri, cikin garin Kaduna, tun 1963.

Zainab Hanwa:
Ku yi haƙuri in karkata kaɗan. Tambayarsa ta biyu ba wanda ya amsa, kuma ita ta fi damuna. Ni da maigidana da yara uku, in muna so mu fita ranar Lahadi da yamma, ina za mu je? Wuraren da ba a sayar da giya yawanci irin na ci ka tashi ne, fitila fari fat kamar asibiti, kujerun roba, ana tsaye a kanka ana jiran ka gama. Waɗanda suka iya tsara wuri da bishiya da iska kuma su ne masu firjin nan. Kwanaki mun je wani a hanyar Samaru, babu giya, amma hayaƙin shisha ya cika ko'ina, yara matasa maza da mata a kishingiɗe. Ko zama ba mu yi ba muka juya. Ƙaramin ɗana yana ta kuka a mota don an yi masa alkawarin askirim.

Maman Iman:
Wallahi Zainab kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Kuma ko an samu wurin, babu inda mace za ta yi sallar magariba a suturce. Sai ki ga an nuna miki bayan janareta an ce ki shimfiɗa ɗankwali.

Auwal Chikaji:
Bari in ba ku labari daga ciki, domin na yi wata bakwai ina aikin kai abinci tebur a irin wannan wuri a Sabon Gari, lokacin da na gama difloma babu aiki. Ba zan faɗi sunansa ba.

Abin da ya sa masu wuraren nan ba sa rabuwa da giya lissafi ne. Abinci wahala gare shi. Sai ka biya mai dafuwa, ka sayi gas da gawayi, tumatir ya lalace, kifi ya mutu a tanki in wuta ta ɗauke famfon iska ya tsaya. Wanda ya zo cin abinci faranti ɗaya zai ci ya tashi. Kwalba kuwa ba ta ruɓewa, ba ta buƙatar kuku, sanyi kawai take so, kuma mai shanta ba ya tsayawa a ɗaya. Tebur guda na mutum huɗu da suka zo kallon ƙwallo sai su ajiye kuɗin da ya fi na iyali biyar masu cin shinkafa. Farfesun nan da ake zuba wa yaji har hawaye, da gangan ne, don ka nemi abu mai sanyi. Hatta firji da kujeru da lema, sau da yawa kamfanonin abin sha ne ke bayarwa da tambarinsu a jiki.

Abin da ba na mantawa shi ne mabuɗin kwalba da ake rataya mana a wuya da igiya. In lokacin isha ya yi sai in cire shi in sa a aljihu, in wanke hannu da omo sau biyu, amma ina ɗaga hannu in yi kabbara ina jin warin. Akwai kuma manyan mutane da ke zuwa da babbar riga, su zauna a rumfar can ƙarshe inda fitila ba ta kai ba, su ce a juye musu a kofin shayi. Ranar da na kai wa wani na ga mahaifin abokina ne, shi ya sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar. Ban ƙara sati a wurin ba. Yanzu cajin waya nake yi da POS a bakin kasuwa, kuɗin bai kai wancan ba amma ina barci.

Abu Hafsa Tudun Jukun:
Allah ya musanya maka da mafi alheri, Auwal. Ya sa albarka a sana'arka.

Zainab Hanwa:
Amin. To ke nan Auwal, wuri mai kyau ba zai iya tsayawa da ƙafarsa ba sai da giya?

Auwal Chikaji:
Zai iya Anti, amma sai mai shi ya samo abin sha da zai maye gurbin ribar. Kunun aya mai dabino da kwakwa, fura da nono da aka dama a injin markaɗe, zoɓo, lemon citta, shayi mai kayan ƙamshi irin na Larabawa. Matsalar kunun aya ba ya jure zafi, in wuta ta yi awa kaɗan babu ya yi tsami, an yi asara. Sai mai sola mai ƙarfi. Sannan mutanenmu su yarda su biya kuɗin zama. Kin ga yanzu Maman Iman ta yi mamakin zoɓon dubu ɗaya, alhali a cikin dubun nan akwai man janareta da albashin mai shara.

Maman Iman:
Ka kama ni Auwal, gaskiyarka ne. In dai za a ba ni wuri mai tsabta da ɗakin sallar mata, zan biya.

Ibro Kwangila:
Ni tambayata a kan maltina ce da Yohanna ya ambata. Wani ya ce min kamfanin da ke yin giya shi ke yin ta, kuma da abu ɗaya ake yi. Tun daga ranar na daina sha. Gaskiya ne?

Dakta Samaru:
Ibro, rabin maganar gaskiya ne, rabi kuma akwai gyara. Fannina noma ne, don haka bari in yi bayani yadda za a gane.

Ana jiƙa hatsi a bar shi ya fara tsiro, sannan a busar da shi. Tsiron nan yana fitar da sinadarin da ke narkar da sitacin hatsin ya koma sukari. In aka dafa aka tace, ruwa mai zaƙi ake samu. Daga nan hanya ta rabu biyu. In ka zuba yis ka bar shi kwanaki, yis ɗin zai cinye sukarin ya fitar da barasa, wannan ita ce giya. In ba ka bar shi ya yi wannan tsimin ba, ka ƙara sukari da launi ka dafa ka rufe a kwalba, shi ne lemon malt. Shi ya sa yake da zaƙi sosai, sukarinsa na nan ba abin da ya cinye shi. Iyayenmu mata ma suna amfani da tsiro a kunun zaƙi, kuma da tsiron dawa ake yin burkutu a ƙauyuka. Bambancin a tsimawa yake.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, a 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, sai kamfanonin suka koma kan dawa da masara na gida. Ɗaya daga cikin irin dawar da aka fi amfani da shi a wannan aiki, SK5912, wato gajerar ƙaura, a nan cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru aka fitar da shi. Ba don giya aka yi shi ba, don manomi ya samu amfani mai yawa ne, amma masana'antu suka ga ya dace da su. To manomin da ya kai buhunsa kasuwar Giwa ko ta Makarfi, dillali ya saya ya loda a tirela, bai san ko tuwo za ta zama ba, ko kunu, ko malt, ko waccan.

Maganar ko ya dace ka sayi kayan kamfanin da ke yin giya, wannan ta malamai ce, ba tawa ba.

Abu Hafsa Tudun Jukun:
Abin da ba ya bugarwa ko an sha da yawa halal ne a kan kansa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ana jiƙa masa dabino ko zabibi a ruwa ya sha, amma ba ya barin ya wuce kwana uku. Wanda ya ƙaurace wa kayan kamfanin don tsantseni ya yi kyau, wanda ya sha kuma ba za a ce ya sha haram ba. Manomi ma da ya sayar a kasuwa bai san inda za a kai ba, babu komai a kansa.

Ibro Kwangila:
Na gode Dakta, na gode Malam. Amma ni dai a gwangwani zan riƙa saya, kwalbar ta yi kama da waccan da yawa, kar wani ya hango ni daga nesa.

Wani Bawan Allah:
Na buɗe wannan sunan ne don in yi magana sau ɗaya, saboda akwai waɗanda suka san ni a zauren nan.

Ɗan Kwarbai, ni ma da zoɓo na fara. Ina aji biyu a jami'a, abokai suka ce mu je kallon wasan Arsenal a wani wuri mai janareta da babban allo, don gidan kallon unguwa zafi da hayaniya. Wata uku ina zuwa ina shan lemo, ina ce wa kaina ni ai kallo ya kawo ni. Abin da ya fara tafiya shi ne ƙyamar. Warin da yake tayar min da zuciya ya zama ba na jin sa. Daga nan wata rana aka ci mu wasa, wani ya tura min kofi ya ce kurɓa ɗaya. Shekara shida na yi a ciki. Na rasa aiki, matata ta tafi gida da cikin wata biyar, mahaifiyata ta rasu tana min addu'ar shiriya ba ta ga shiriyar ba. Yau shekara huɗu da wata biyu ban taɓa ba, alhamdu lillahi, matata ta dawo, amma har yanzu in zan je unguwar PZ akwai layin da nake zagayewa.

Ban ce haka za ta same ka ba. Kai sau ɗaya ka je kuma ranka ya ɓaci, ni lokacin nawa bai ɓaci ba. Amma yadda ka yabi fitilun nan da kifin nan, na san za ka so komawa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Don Allah kar ka koma.

Zainab Hanwa:
Inna lillahi. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya tabbatar da kai. Ka sa ni hawaye wallahi.

Yohanna Wusasa:
Allah ya riƙe ka, ɗan'uwa. Ƙanin babana ma hanta ce ta tafi da shi saboda burkutu, ya bar 'ya'ya biyar. Wannan masifar ba ta tambayar addinin mutum.

Sadiq Palladan:
Labarin nan ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Amma ina nan a kan cewa a bambanta. Duk babban otal a Abuja ko Kaduna da ake yin taro a ciki akwai mashaya a wani ɓangare. Jirgin sama in ka hau na ƙasashen waje, na kusa da kai yana sha. In muka ce duk rufin da giya ke ƙarƙashinsa ba ma shiga, to taron aiki ma sai mu daina zuwa. Ni abin da na ɗauka daga maganar Malam shi ne teburinka da aljihunka, su biyun nan ka tsare.

Barista Gyallesu:
Akwai bambanci tsakanin inda larura ta kai ka da inda ka ɗauki ƙafa ka je don nishaɗi, Sadiq. Kujerar jirgi ba kai ka zaɓi maƙwabcinka ba.

Sadiq Palladan:
Haka ne Barista, amma shi ma ai bai je don nishaɗin giya ba, kifi ya kai shi. A nan dai ban gamsu ba tukuna.

Baba Na Jushi:
Ɗan Kwarbai, ɗana, wani abu a maganarka ta farko ya tsaya min. Ka ce gidanku ciki da falo ne shi ya sa ka kai shi waje. Mu da muka taso, baƙo a zaure ake sauke shi, a kan tabarma, a fito masa da tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, a kawo fura a ƙwarya. Turawan da ke koyarwa a jami'a a shekarun 1970 har cikin birni suke zuwa gidajen ɗalibansu su zauna a ƙasa su ci da hannu, suna murna. Mutumin da kuka kwana ɗaki ɗaya shekara guda, ya ga ka a kwance ba ka iya tashi, ƙanƙantar falonka ce za ta dame shi? Kifi yana samu a Jos. Abin da ba zai samu a can ba shi ne ya ga 'ya'yanka, su gaishe shi su ce masa Baba.

Maman Iman:
Baba ya gama magana. Ka sa madam ta yi masa masa da miyar taushe, ka biya wajen mai tsire bayan magariba ka sayo balangu mai zafi a takarda, ka haɗa da kunun aya. In ya ci wannan ba zai tuna da wata tarwada ba.

Zainab Hanwa:
Na yarda da Baba a kan baƙo. Amma maganata tana nan, mu matan da muke wuni a gida muna dafa masar, mu ma muna so a fitar da mu wani lokaci a dafa mana. Masu kuɗin Zariya da ke gina gidan mai a kowace kwana, ɗaya daga cikinku ya yi mana lambu mai abinci mana.

Auwal Chikaji:
Anti Zainab, in aka samu mai zuba jari ni zan riƙe masa wurin. Na san mai gasa kifin da ya fi kowa iyawa a Sabon Gari, Musulmi ne ɗan Nupe, ya daɗe yana cewa yana so ya bar inda yake.

Ɗan Kwarbai:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Na gode ƙwarai, musamman Malam Abu Hafsa da Baba da ɗan'uwan da ya ɓoye sunansa. Jiya da daddare na kira abokin nawa na faɗa masa yadda na ji. Ya yi shiru, sannan ya ce tun a wurin ya lura na daina cin kifin bayan an kawo kwalbar, ya so ya mayar amma an riga an buɗe. Ya ba ni haƙuri, ni ma na ba shi. Ya ce zai turo min kuɗinta, na ce ya bari sai na tambaya. Wata mai zuwa zai kawo ƙanwarsa rajista a Samaru, na ce masa a gidana zai ci abincin dare.

Malam, in karɓi kuɗin ko in bar shi? Sannan Auwal, mutumin nan naka yana yin gashi a kai wa mutum gida?

Auwal Chikaji:
Yana yi, amma ranar Litinin kawai da ba ya zuwa aiki. Kai za ka sayo kifin da ransa da safe, ka tanadi gawayi da wayar gashi, shi zai zo da kayan haɗinsa. Ka yi min magana ta akwatin sirri.

Sadiq Palladan:
In ka karɓi kuɗin ai kamar ka sayar masa ke nan, ko ba haka ba? Malam Abu Hafsa muna jiranka.

Abu Hafsa Tudun Jukun:
An kira magariba a nan. Bari in dawo daga masallaci, akwai abin da nake so in duba kafin in amsa wannan.